Jan Zaren Baba

Tun da mikiyoyi suka bar sararin tabkin Pokhara na ƙasar Nepal suka koma kan bishiyoyi, dattijon ya san iskar yau ba ta alheri ba ce. Amma 'yarsa ta riga ta tashi a lemar shawagi, da baƙon da ta ɗauko ɗaure a gabanta.

"Dattijo, sha shayinka," in ji mai shayin kan tudu. "Yarinyar nan ta fi ka sanin iska. Kai da ko tsani ba ka iya hawa!"

Bai rufe baki ba, guguwa ta naɗe gefen lemar kamar tabarma. Suka fara juyawa suna yin ƙasa.

"Jefa lemar ceto!" sauran matuƙa suka yi ta ihu. "Ja mariƙin!"

Nan uban ya tuna abin da ya yi. Da safe ya karɓo jan zare mai albarka daga haikali. Da ya miƙa mata, dariya ta yi: "Baba, igiyoyina sun ishe ni." Tana juya baya ya ɗaura shi a mariƙin lemar ceton, ya haɗa da bakin jakar ƙugunta da lemar ke naɗe a ciki, ya ƙulle tam don kada kariyar ta faɗi a hanya.

Ya hango hannunta ya kai ƙugu. Ta ja. Ta sake ja. Sai dutse ya shiga tsakaninsu.

Yana gangarawa da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa, yana roƙon zaren ya kasance ruɓaɓɓe. Har yanzu bai san ko ya tsinke ba.