Mai Riga Lamba Tara

Ranar Asabar ce, dusar ƙanƙara ta rufe garin Melfort, amma Dwayne Kowalchuk gumi yake yi a filin hoki, wasan da ake yi da sanduna a kan ƙanƙara. Tun da aka fara wasan yara yake dukan shinge yana zagin mai riga lamba tara.

"Tanner! Kai, malalacin banza! Kunkuru ma ya fi ka gudu! Yau ba kai ba abinci!"

Sauran iyaye suka kau da kai, sun saba. Da aka tashi an ci su huɗu da nema, Dwayne ya tare mai lamba tara a ƙofa, ya ci kwalar riga ya jijjiga.

"Cire hular nan ka dube ni!"

Hular kwano mai rufe fuska ta fita, kitso biyu suka zubo. Yarinya ce, tana ta hawaye.

Koci Marlene ta fizge ta. "Sakar min 'yar mutane, Dwayne! Rigar nan tata ce tun kafin Kirsimeti."

"To ina ɗana?"

"Ni kake tambaya? Ranar da ka sauke shi a titi ya tako gida cikin sanyi, ma'aikatan kula da yara suka mayar da shi wurin gwaggonsa. Kai da kanka ka sa hannu a takardar."

Dwayne ya sosa ƙeya. "Na ɗauka takardar shiga gasa ce."

Abin da ya rasa ke nan: wasa ɗaya, izinin shiga filin da aka janye masa a ranar, da ɗa guda, wanda sai bayan mako shida ya lura ba ya gidan.