Jan Maɓalli

Danna-Danna suke ce masa a ofis, don aikinsa ke nan. Duk manhajar da aka ƙera, shi zai zauna ya danna kowane maɓalli ya ga inda za ta cije. Yatsansa har ya yi kanta. Bakinsa ne dai ke da nauyi, sai ya shekara bai ba mutum haƙuri ba. Ranar da matarsa ta ce ta gaji, ƙarshen wata za ta kwashe yara ta koma gidansu, a ranar aka kawo sabuwar manhajar gwaji.

Sauƙinta har da ban haushi. Ka danna jan maɓalli, ka yi aikinka sau ɗaya tana kallo, ka sake dannawa ta tsaya. Daga nan duk sanda masu rubuta manhaja suka taɓa ko waƙafi ne, ita za ta maimaita komai da kanta. Ya danna ja, ya yi ta buɗe wannan yana rufe wancan, rabin hankalinsa na gida. Bai tuna ya tsayar da ita ba sai da zai tashi.

Daga ranar ya huta. Yakan bar kibiya tana yawo ita kaɗai a fuskar kwamfuta, ya tafi shan shayi.

Gida ma sai ya gyaru. Matar ta mayar da akwati ƙarƙashin gado. Ta fara tarar sa a bakin ƙofa, wataran har da ƙwalla. "Ya isa haka, baban yara, na haƙura," in ji ta, alhali ko sallama bai gama ba. Surukarsa ta bugo waya ta sa masa albarka. Shi kuwa gogan ya yanke cewa sabon turarensa ne, ya sayi kwalba ta biyu.

Sai masu rubuta manhaja suka fara ƙorafi. Wai gwajin da ya ɗauka yana da jan jiki, a tsakiya yana kauce hanya ya buɗe wata taga a kwamfutar, ya ɓata lokaci. Danna-Danna bai ko leƙa ba. Ya goge shi, ya ɗauki sabo mai tsafta, manaja ya yaba masa a gaban kowa.

Da yamma bai tarar da kowa a bakin ƙofa ba. Akwati na bisa gado, a buɗe.

"Na san ba za ka ɗore ba," ta ce, ta tura masa wayarta. "Yau kuma girman kan ya dawo ko?"

Ya duba. Saƙon da ya rubuta mata sau ɗaya tak daga kwamfutar ofis ranar jan maɓalli, "Yi haƙuri, laifina ne," shi ne jere rututu, safe da rana, kullum ba fashi, sai yau da ya goge mai ba da haƙurin da hannunsa.