Sarkin Farisa da Mai Injin Niƙa

Labbo ya tare Zinariya ungozoma a bakin kasuwar Gummi. Mata huɗu gare shi, sai ya sunkuyar da kai ya ce tunda kakanta bawan gidansu ne, zai sa ta ɗaka ƙwarƙwara.

Ta dube shi sama da ƙasa. Wannan ne ta kori manema dominsa?

Ta ce, "Wata Kirista ta ba ni labarin sarkin Farisa daga littafinsu. A shekara ana shafe budurwa da turare, ya gan ta sau guda, a kulle ta sai ya tuna sunanta."

"Zinariya, so ne..."

"Shi ƙasashe yaka mulki, Labbo. Kai mi kaka mulki, in ba injin niƙa ba?"