Ɗan Tudun da Ke Ƙasan Layi

Dakata, Sallau, kafin ka taɓa manhajar nan ka ji wani misali. An yi wata mai binciken magunguna da ta shekara tana tatsar ganyen wani tsiron maganin gyambo, wanda ba ya fitowa sai farkon damina. Duk wahalarta ba ta wuce rabin kofi ba. Ta kai wa na'urar tacewa irin wannan, mai rarrabe abin da ke cikin ruwa tana zana shi a allo. Inda zanen ya yi tudu, na'ura ta tara ruwan a 'yar kwalba. Inda ya kwanta, ta tura shi jarkar zubarwa. Mutum ne ke ja mata layi, ya ce daga nan tudu ya fara. To baiwar Allah ta gwada da cokali guda, ta sa layin can ƙasa. Na'ura kuwa ba ta da wayo, ko zane ya yi atishawa sai ta canza kwalba. Kafin azahar kwalba tamanin sun cika tebur. Ta duba allo, ta duba kwalabe, ta rasa gane gaba balle baya. Wanne ne magani, wanne ne rawar na'ura? Maimakon ta gwada su, haushi ya ɗebe ta, ta ɗaga layin sama yadda manyan tsaunuka uku kawai za su haye, ta juye sauran ruwan gaba ɗaya. Kwalba tara suka fito tsaf, har da murmushinta.

Ta ɗiga ruwan tsaunukan nan a kan ƙwayoyin cuta. Washegari ta tarar da su sun yi ɓulɓul, ko gezau. Ta sake, haka. Kanta ya ɗaure tamau. Ta zargi na'ura, ta zargi ganye, har tsohon da ya nuna mata tsiron bai tsira ba. Da dabara ta ƙare, ta koma kan kwalabe tamanin ɗin da ta ture gefe, tana bin su ɗaya bayan ɗaya. Ta arba'in da uku ta share ƙwayoyin tas. Ta nemo wurinta a zane, sai ga wani ɗan tudu tsakanin tsauni na biyu da na uku, wanda layin da ta ɗaga ya bi ta kansa ya wuce. Abin da ke kwalbar bai fi ɗigo biyar ba, gwaji ya cinye. Ta ruga wajen jarka. Ashe ba ta sa sabuwa ba ranar, ta kowa da kowa ce, dattin aikin mutum shida na ciki. Wallahi ta ba ni tausayi. Ta tsaya riƙe da jarkar, maganinta na ciki, damina kuma saura wata bakwai.

Saboda haka ja layinka a hankali, Sallau. Ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.