Faya-fayan Tsohuwa

Kai, ka ishe ni da zancen tarkacen babanka! Zauna ka ji, tun ba ka yi aika-aika ba.

An yi wata marainiya da ta tashi a gidan kawunta. Mutanen gidan ba mugaye ba ne, yawa ne kawai ya yi musu yawa. In an kwashe tuwo ana rufe kowane kwano da faifai, to amma faya-fayan kullum sai su ƙare kafin a zo kan nata. Ita ce mai zuwa rafi, ita ce ƙarshen dawowa. Sai ta tarar da tuwonta a buɗe, samansa ya bushe, ƙuda sun yi biki, wani lokaci kaza ta riga ta sa baki. Ba a taɓa hana ta abinci ba, balle ta ce an zalunce ta. Ƙarar wa za ta kai? Ta girma, ta yi aure, ta kama sana'ar man gyaɗa, Allah ya buɗa mata. Tun daga nan duk kasuwar da ta taka sai ta dawo da faifai: mai ja da baƙi, mai zanen tauraro, har ɗan mitsitsi wanda ko ludayi ba zai rufe ba. Ta cika bango da su, ta cika ƙarƙashin gado.

Ɗanta ya zama mai hali, ya gina mata ɗaki na zamani. Da ta tafi biki wani gari, sai gogan naka ya kwashe faya-fayan, masu kyau ya rabar wa maƙwabta, waɗanda gara ta taɓa ya cinna musu wuta, ya jera mata kuloli masu sheƙi. Shi a dole ya yi abin kirki! Tsohuwa ta dawo, ta dubi bango fayau, ta sa masa albarka. Amma daga ranar sai ta yi loma biyu ta ture kwano. Ta rame, aka kai ta asibiti, likita bai ga komai ba. Sai da 'yar kawun nan da suka tashi tare ta zo dubiya, ta ɗaga kai ta kalli bangon, ta ce da ɗan, “Kai ɗan nan, mu muka ci tuwo a rufe, uwarka a buɗe ta ci nata. Tashi ka karɓo mata kayanta.”

Haka babban mutum da babbar rigarsa ya bi gida-gida yana sallama, yana roƙon faifai, mata na leƙe suna dariya. Abin da ya samo bai kai rabi ba, wanda ya ƙone kuwa ya ƙone. Tsohuwa ta karɓa tana shafa su ɗaya-ɗaya, ta rataye su da hannunta, sannan ta ce a zubo mata tuwo.

Ai shi ya sa Hausawa suka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.