Haƙori a Kan Tabarma

Ka ce mini kyanwarku ta tsufa ta koyi tsirfa, ana ajiye mata abinci tana kau da kai, har kana shirin sa ta a buhu ka kai ta bayan gari. Ajiye buhun nan tukuna ka zauna, in ba ka wani misali.

An yi wani mai bandar kifi a bakin gulbi, yana da wata kyanwa da ta shekara goma sha uku tana tsare masa kwanduna daga ɓeraye. Ladanta kan tarwaɗa ne busasshe, shi ma ba kullum ba, don mutumin ya gaji wata magana daga ubansa, wai kyanwar da ta ƙoshi ba ta farauta. Da tsufa ya kama ta sai ta fara barin rabonta. Ta sunsuna, ta lasa, ta ja da baya miyau na dalala. Shi kuwa gogan ya ce ai sata take yi tana ƙoshi, sai ya ƙara rage mata. Daga nan ta ɗauki wata ɗabi'a mai tayar da tsigar jiki. Da rana tsaka, in ya shimfiɗa tabarma zai ci abinci, sai ta zo da ɓera a baki ta ajiye masa a gaba. Ɓeran jiƙe sharkaf da miyau, amma ko ƙwarzane babu a jikinsa, ya kwanta jim kaɗan ya tashi ya yi tafiyarsa. Ita kuma ta tsuguna a gindin ginshiƙin rumfa, ba kuka ba motsi, idonta ƙur a kan bakinsa har ya gama tauna. Wata rana bayan ta tashi ya ga wani ɗan abu baƙi-baƙi mai tsini a kan tabarmar. Ya ce ƙayar kifi ce, ya share. Bayan kwana uku ya sake ganin wani a daidai wurin. Sai tsoro ya shige shi. Maƙwabta suka taya shi da zuga, wai kyanwa in ta daɗe a duniya ba kyanwa ba ce kuma, wani ne ke aiko ta.

Wata tsohuwa mai sayen kifi a wurinsa, wadda ita ma ko haƙori ɗaya ba ta da shi, ta ce masa, "Ɗan nan, buɗe bakinta ka duba. Ka jiƙa mata kifi a ruwan ɗumi, ka tsince ƙayar, ka dama shi ya yi laushi." Ya yi dariya, ya ce ranar da ya fara dama wa mage fate, ranar ɓeraye za su yi biki a kwandunansa. Gaskiyar magana kuwa tsoron taɓa ta yake yi. Ran nan ya same ta a gindin ginshiƙin ta sandare, ba ta fi nauyin tsumma ba. Da ya ɗaga ta bakin ya buɗe. Dasashi ya kumbura ya yi jawur, haƙori ɗaya tak ya rage, shi ma yana lilo. Yunwa ce ta kashe ta a tsakiyar kwandunan kifi. Abin ya dame shi kwana biyu, sannan ya manta, kamar yadda muke yi.

Shekaru suka tura, 'ya'yansa suka karɓi sana'a, shi ya koma zaman rumfa. Turamen haƙoransa suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya. 'Ya'yan kuwa masu biyayya ne, ba sa kawo wa Baba sai abin da ya fi so tun yana da ƙarfi: gasasshen kifi mai ƙamas-ƙamas, da kilishi, da ƙanzo. Shi kuma kunya ta hana shi cewa a dama masa kunu, yana ganin namijin da ya yi suna a gulbi bai kamata a ji ya koma abincin jarirai ba. Sai ya sunsuna, ya tsotsa, ya tura kwanon gefe. Suka ce Baba ya ƙoshi. Da abin ya yi yawa suka ce Baba ya koyi tsirfa, suka rage yawan abin da ake zubo masa don kada a yi ta asara. Ɓeraye suka gane shi, da rana kata suke fitowa su ci a kwanonsa yana kallo, ko hannu ba ya iya ɗagawa da sauri. Matan gidan suka daina cin abinci a gabansa, suka ce kallon da yake yi wa bakin mutum yana ba su tsoro. Wata rana da azahar ya ji bayansa ya jingina da itace, ya waiwaya, sai ya ga ashe a gindin ginshiƙin nan yake tsugune, tun yaushe bai sani ba. Ya sa yatsa ya zare haƙorinsa na ƙarshe, ya rarrafa ya ajiye shi a kan tabarmar babban ɗansa, ya koma ya zuba ido. Ɗan ya zo zai zauna, ya duba, ya ce wa ya zubar da ƙayar kifi a nan, ya sa bayan hannu ya share.

To, ka ji. Je ka buɗe bakin kyanwar nan ka duba, ka dama mata mai laushi, in da kumburi ka kai ta wurin likitan dabbobi. In ka gama kuma ka leƙa kwanon da ke dawowa daga ɗakin mahaifinka. Naka haƙoran ma aro ne. Hausawa sun ce, abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.