Bawan Gidan Na Allah

Ranar da Muddassir ya sa aka kafa turken ƙarfe na farko a gandu, gero bai gama nuna ba. Tsoho Ɗan Baba yana tsaye a kan kunya, ya dogara sanda, yana kallon ma'aikata suna jan waya ta tsakiyar shukarsa.

Muddassir mai shagon taki ne a Tasawa, irin 'yan birnin nan da ba sa tuna ƙauye sai ƙasa ta yi daraja. Gandun kuwa na Na Allah ne, kakan ubansa, wanda ya taso daga kudu da jaki da gatari, ya sare daji gabas da Kona, ya haƙa rijiya, gari ya ci sunansa. An ce ya binne 'ya'ya maza a jere kafin ya samu wanda ya tsaya. Da ya rasu, samari biyu ya bari a gidan, Magaji da Bawa, ya kuma yi gargaɗi kada a raba gandu. Haka zuriyarsu suka yi ta noma shi tare, har Muddassir jikan Magaji ya zo da sha'awar noman riɗi, ya ga gonar ta yi wa gida biyu kaɗan.

Ba wani dogon tunani ya yi ba. Sunan kawai ya juya a bakinsa, Bawa, sai ya yi murmushi. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Ya bi tsofaffin gari da goro da sukari, kowa ya zazzage masa abin da ya ji a wurin iyaye. Wai Magaji tun yana ɗan mitsitsi riga mai aiki yake sawa, ranar kasuwa a ɗora shi a doki a zaga da shi, Na Allah yana kiran sunansa da ƙarfi don kowa ya ji. Bawa kuwa tsumma ne suturarsa, kunne a tsage kamar na akuya, wuya cike da layu. A ƙuryar ɗakin matar gidan yake kwana, ko bakin rijiya ba a barinsa ya je. Wani tsoho ya ƙara da cewa a shekarar fara, Na Allah ya karɓi jariri a hannun wasu masu gudun yunwa, ya ba su ƙwaryar gero. Wane jariri? Muddassir bai ɓata yawunsa wajen tambaya ba.

A ƙofar mai gari, gaban jama'a, ya gyara babbar riga ya ce, "Ranka shi daɗe, bawa ba shi gadon ubangijinai. In ƙarya nike, a tambayi tsohon ga, mi ne sunan ubanai?"

Aka juya ga Ɗan Baba. "Bawa," ya ce.

Wasu suka yi dariya, kuma cikinsu har da waɗanda suka ci tuwon gidansa a shekarun wahala. Mai gari ya yanke hukunci, gandu na Muddassir ne, amma wannan dariyar ce ta fi yi masa daɗi, har ya ji ta fi hukuncin kansa zaƙi.

Daga nan fa sai abin da ya ga dama. Bai bari sun girbe geron ba, shanu ya sa aka kora ciki. Ɗan Baba ya aiko yana roƙon alfarma ɗaya: kabarin ubansa yana cikin wayar, ƙarƙashin gawo, manne da na Na Allah, a bar shi ya shiga ya yi addu'a. Muddassir ya ce wannan ma rashin kunya ce, bawa ya kwanta kafaɗa da kafaɗa da ubangijinsa. Ya sa aka baje tudun, garma ta bi ta kai.

Iyalan tsohon suka ɗaure tukwane a amalanken jaki suka nufi Mayahi, ba wanda ya raka su ko bakin gari. Kafin wata ya zagayo aka ce Ɗan Baba ya rasu a gidan haya. Muddassir ko a jikinsa, an tsikari kakkausa.

Abu ɗaya ya rage masa, a yabe shi. Sai ya tuna da Shatu, autar Na Allah, da aka aurar garin Hawandawaki tun zamanin Nasara. Ta makance, ta kusa casa'in, kuma da ake shari'a ba wanda ya tuna tana da baki. Ya sayi turmin atamfa ya tafi.

"A'a, maigidana ne yau? Ka tuna da tsohuwar matarka?" ta ce, tana laluba ƙyallen tana dariya.

Ya zauna a tabarma ya kwashe labari duka ya ba ta, da sunan, da dariyar, da garmar. Bai lura da lokacin da hannunta ya tsaya a kan atamfar ba.

"Kabarin Bawa kuka nome?"

"Na share miki gidan ubanki, kaka. Yanzu sai jini tsantsa."

Tsohuwa ta ture atamfar gefe, hawaye na bin kuncinta.

"Baba ya gaji da gina kabarin ɗiyanai," ta ce. "Aka ce mishi mutuwa ɗan gata take nema a gidan ga. Shi ya sa ya ɓoye nashi cikin tsumma, ya kira shi Bawa. Kakanka kuwa da ƙwaryar gero aka saye shi, aka yi mishi ado aka aje a ƙofa, don in ta zo ta ɗauka."